Tarihin Kuɗin Magani a Birnin Katsina

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Kowa ya yarda da wannan magana, amma sai ran da ciwo ya shigo gida mutum ya kan gane abin da a ke kashewa kafin a dawo da ita. Wanda ya je Babban Asibitin Katsina da hantsi zai tarar da jama'a a bakin tagar yankan kati, waɗansu daga cikin birni, waɗansu daga Jibiya, ko Batsari, ko Kaita, ko Rimi. Kowa da majinyacinsa, kowa da takardar da likita ya rubuta masa a hannu. In aka saurari hirarsu, sai a ji yawancinta lissafi ne: nawa ne gwaji, nawa ne ƙarin ruwa, nawa ne ledar jini, me kuma ya rage a gida da za a sayar.

Magani bai taɓa zama kyauta ba tun da a ke. Ko a zamanin da a ke cewa asibiti kyauta ne, akwai mai biya. Abin da ya yi ta sakewa a tarihin Katsina shi ne wanda nauyin ya ke kansa, da kuma lokacin da a ke biya. Wani zamani jama'a su kan tara kuɗin tare tun suna da lafiya, wani zamani kuwa sai a bar mutum shi kaɗai ya nemo su ran da ya kwanta. Wannan shi ne labarin da za a bi daki-daki.

Kafin zuwan Turawa

A zamanin da, in mutum ya yi rashin lafiya a Katsina, masu magani suna kusa da shi. Akwai wanzami mai yin ƙaho da kaciya da cire beli. Akwai maɗori mai gyaran karaya da targaɗe. Akwai ungozoma mai karɓar haihuwa, da masu saiwa da sassaƙe a kasuwa, da malamai masu rubutun sha. Kowannensu yana da ladansa. A kan biya da wuri, ko damin gero, ko kaza, ko ɗan ƙyalle. Abin da a ke ba malami shi a ke kira kafin alƙalami.

Wannan tsari yana da sauƙi guda ɗaya babba, watau mai magani ya san mai ciwo, ya san gidansu, ya san ƙarfinsa. Attajiri ya ba da mai yawa, talaka ya ba da abin da ya sawwaƙa, wanda ba shi da kome a yi masa haƙuri har kaka. Dangi da maƙwabta su kan kawo gudummawa, akwai kuma zakka da sadaka.

Amma kada mai karatu ya zaci zamanin daɗi ne. Maganin yana da araha, ƙarfinsa kuwa kaɗan ne. In agana ta shigo gari, ko sanƙarau ya taso da bazara, ko ƙyanda ta kama yara, ba abin da wanzami ko mai saiwa zai iya. Mace in haihuwa ta gardama mata, sai abin da Allah ya yi. A 1918 aka yi annobar mura mai tsanani wadda ta game duniya, mutanen ƙasar Hausa suka sa mata suna marisuwa, ta kwashe rayuka ba adadi.

Baitulmali da asibitin En'e

Turawan Ingila sun shigo Katsina a 1903. A 1906 aka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko Sarkin Katsina, ya kuwa yi sarauta har 1944. A farkon sarautarsa ne, shi da Baturen mulki Mista Palmer, suka shirya wani abu wanda daga baya duk ƙasashen sarakunan Arewa suka kwaikwaya, watau Baitulmalin En'e. Maimakon kuɗin haraji da jangali su watse a hannun masu tarawa, sai a zuba rabon En'e wuri ɗaya, a rubuta abin da ya shigo, a rubuta abin da ya fita, a yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, abin da ya saura a yi wa jama'a aiki da shi.

Daga wannan asusu aka yi hanyoyi da rijiyoyi da makarantu. Daga cikinsa kuma, a zamanin Sarki Dikko, aka gina asibitin birni, aka fara kafa ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai. Aka aika da samari suka koyo aikin malamin asibiti da na duba-gari, En'e ta riƙa biyansu.

Da fari mutane gudun asibiti su ke yi. Waɗansu suna tsoron wuƙar likita, waɗansu suna ganin wanda ya shiga ba ya fitowa da rai, domin ba a kai mutum sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Maigida kuwa ba ya son namiji ya duba iyalinsa. Saboda haka wahalar hukuma a lokacin ita ce ta shawo kan jama'a su zo, shi ya sa a ke ba da magani kyauta, ko kuwa a karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

To, wa ya ke biya? Manomin da ya sayar da gyaɗarsa ko audugarsa ya biya haraji, da Bafillacen da ya biya jangali a kan shanunsa, su ne masu biya. Sun biya tun suna da lafiya, sun kuma biya tare. Sai dai rabon bai yi daidai ba. Haraji ya kai kowane ƙauye, asibiti kuwa yana birni, mutumin da ke nesa sai ya yi tafiyar yini ko kwana a kan jaki kafin ya ga malamin asibiti.

Cututtukan da aka haɗu aka kora

Kusa da birni akwai Babbar Ruga, inda aka keɓe domin jinyar masu kuturta. Wajen 1937 aka danƙa wa mishan ta SIM riƙon wurin, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Maganin da a ke yi a lokacin allurar wani mai ce, mai zafi, mai jinkirin aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani likita mai suna John Lowe, a Uzuakoli ta ƙasar Ibo, ya tabbatar da cewa wata ƙwaya mai araha ƙwarai, dafson, tana warkar da cutar in an daɗe ana sha. Daga nan aka buɗe wuraren rabon ƙwayar a ƙauyukan Arewa, mutum ya sha magani yana gidansa yana nomansa. Tun 1995 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganin kuturta kyauta a ko'ina.

Haka aka yi da agana. Daga 1967 masu allurar rigakafi suka bi gari-gari, kasuwa-kasuwa, ba a karɓi ko anini daga kowa ba. Zuwa 1970 cutar ta ƙare a Nijeriya, a 1980 aka yi shela ta ƙare a duniya baki ɗaya. Kurkunu, wanda a da ya kan kwantar da manomi da tsakiyar damina, an tabbatar da ƙarewarsa a Nijeriya a 2013. A watan Agusta 2020 kuma aka bayyana cewa ƙwayar shan inna ta asali ta bar ƙasar.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan cututtuka ba a bar wa mai ciwo nauyinsu ba. Gwamnati da ƙungiyoyin duniya suka haɗa kuɗi, aka bi mutane har ƙofar gida. Da an ce kowa ya sayi allurar agana da kuɗinsa, da har yau tana nan.

Zamanin kuɗin man fetur

Sarki Usman Nagogo ya gaji mahaifinsa a 1944, ya yi sarauta har 1981, a zamaninsa ne abubuwa suka yi ta juyawa. A 1946 gwamnatin Turawa ta fara shirin raya ƙasa na shekara 10, aka ƙara asibitoci. A 1960 aka sami mulkin kai. A 1967 Lardin Katsina ya shiga Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna a 1976. A hankali manyan asibitoci suka bar hannun En'e suka koma hannun gwamnati, a 1976 kuma aka kawo ƙananan hukumomi a madadin En'e.

Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur ya shigo kamar ruwan sama. A 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, naira kuwa ta fi dalar Amurka daraja. Gwamnati ta sayo magani daga ƙasashen waje jirgi-jirgi. Dattawan birni da yawa suna tuna lokacin da mutum zai kwanta asibiti a ba shi gado da magani da abinci, a sallame shi bai kwance bakin aljihu ba. A 1979 Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, talakawa suka yi murna, domin an daɗe ana zaluntarsu wajen tarawa.

Amma akwai abin da ya sake wanda ba kowa ya lura da shi ba. A da kuɗin asibiti daga gonar Bakatsine su ke fitowa. Yanzu kuwa daga rijiyoyin mai su ke fitowa, su bi ta Ikko, su bi ta Kaduna, kafin su iso. Wanda ke sayen man a Turai da Amurka shi ke yanka farashinsa. Ashe lafiyar mutumin Ƙofar Guga ta rataya a kan kasuwar da bai taɓa gani ba.

Da kasuwar ta faɗi

Daga 1981 farashin mai ya soma faɗuwa, kantocin magani na asibitoci suka fara zama wayam. A jawabin juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, wanda ya kawo Janar Muhammadu Buhari, mutumin Daura, kan mulki, Birgediya Sani Abacha ya ambata cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu da a ke kira SAP, aka karya darajar naira. Dalar da a 1985 ba ta kai naira 1 ba, a 1987 ta kai wajen naira 4, a 1993 ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati.

Tun daga lokacin aka saba da sabuwar al'ada: likita ya duba mutum, ya rubuta masa takarda, ya ce ya je ya sayo. Kemis-kemis suka yawaita a bakin asibiti. Mai naƙuda sai an zo mata da safar hannu da auduga da reza. Asibitocin kuɗi suka buɗe domin masu hali, marasa hali kuwa suka koma ga masu tallar ƙwaya a kasuwa da tasha, inda jabu ya fi na ƙwarai yawa.

A watan Satumba 1987 abubuwa biyu suka faru. Ran 23 ga wata aka ƙirƙiro Jihar Katsina, birnin Dikko ya zama babban birnin jiha. A cikin watan kuma ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako ta ƙasar Mali, suka amince da wata dabara: a zuba wa kowane ƙaramin asibiti jarin magani, a riƙa sayar wa jama'a da sauƙi, a juya kuɗin a sake sayo wani. Ministan lafiya na Nijeriya a lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya dage ƙwarai a kan ƙananan asibitoci na kusa da jama'a, da rigakafi, da ruwan gishiri da sukari domin gudawar yara. Dabarar Bamako ta yi amfani inda aka riƙe amana. Inda kuwa aka ci uwar kuɗin, ko faɗuwar naira ta cinye ta, sai kanta ya sake zama fanko. Wanda ba shi da ko sisi kuma, araha ba ta yi masa rana ba.

A zamanin Janar Abacha aka kafa asusun rarar man fetur, watau PTF, aka ba Janar Buhari shugabancinsa. Asusun ya kai magunguna asibitoci da yawa, amma da aka rushe shi a 1999 abin ya tsaya. A tsakanin nan, a 1996, aka yi annobar sanƙarau wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, yawancinsu a Arewa. Domin yaƙi da jabun magani kuma an kafa hukumar NAFDAC a 1993, ta yi suna ƙwarai daga 2001 a hannun Dora Akunyili.

Abin da ke sa magani tsada

Ya kamata mai karatu ya san dalilan tsadar, domin ba duka ne laifin mutum ɗaya ba.

Na farko, aikin likita ya faɗaɗa. Yau ana ɗaukar hoton cikin mutum, ana auna jininsa, ana fid da jariri ta tiyata, ana wankin ƙoda. Waɗannan suna ceton ran da a da sai dai a yi haƙuri, amma kowane inji da kuɗinsa, da wutar da zai ci, da gwanin da zai sarrafa shi. Ga kuma cututtuka irin su hawan jini da ciwon suga, waɗanda maganinsu na kullum ne har ƙarshen rai.

Na biyu, cuta kan saba da magani. Shekara da shekaru kulorakwin ce maganin zazzaɓin cizon sauro, ga ta da araha. Da ta daina aiki, a 2005 Nijeriya ta koma ga sabon haɗin magani wanda ya ninka ta tsada.

Na uku, mafi yawan magungunan da a ke sha a ƙasar daga waje a ke sayo su, musamman Indiya da Sin. Ko waɗanda a ke haɗawa a gida, sinadarinsu na waje ne. Saboda haka duk ran da dala ta tashi, sai ƙwaya ta tashi a kemis ɗin Ƙofar Ƙaura.

Na huɗu, jama'a ta ƙaru. Ƙidayar 1991 ta sami mutum wajen miliyan 3.7 a Jihar Katsina, ta 2006 ta sami miliyan 5.8. An ƙara asibitoci a birni, kamar asibitin Gwamnatin Tarayya wanda daga baya ya zama na koyarwa, da asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa, da asibitin Janar Amadi Rimi, amma gadaje da ma'aikata ba su kamo yawan mutane ba. Likitoci da ma'aikatan jinya da dama kuma sun tafi Saudiyya da Ingila neman albashi mai kyau.

Na biyar, jinkiri. Wanda ke tsoron kuɗi ya kan zauna gida yana 'yan dabaru har ciwo ya yi nisa. Zazzaɓin da ƙwaya za ta kashe ran farko, ran biyar sai da gado da ƙarin jini. Tashin hankalin 'yan bindiga a yankunan Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari ya ƙara wannan jinkiri, domin ya kori ma'aikata daga waɗansu ƙauyuka, ya hana noma, ya sa tafiya birni ta zama da haɗari.

Ƙoƙarin gyara

Duk masu neman gyara sun komo kan shawara guda, watau a koma tara kuɗi tare kafin ciwo ya zo. Ingila ta yi haka a 1948, ta mai da jinyar kowa a kan kuɗin haraji. A Nijeriya, tun 1962 ministan lafiya Dokta Moses Majekodunmi ya kai wa majalisa shawarar inshorar lafiya domin birnin Ikko, ba ta sami shiga ba. Sai a 1999 aka yi dokar, sai kuma ran 6 ga Yuni 2005 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin.

Ga yadda abin ya ke. A ce magidanta 1,000 kowa ya zuba naira 1,000 a wata. An tara naira miliyan 1 ke nan. Ba dukansu za su kwanta a wata ɗaya ba. Kaɗan da ciwo ya kama, sai a yi musu jinya daga asusun, wanda bai yi ciwo ba ya gode wa Allah, kuɗinsa sun taimaki ɗan'uwansa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka san gayya da adashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma shirin 2005 ya tsaya ga ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, waɗanda a ke iya cire kuɗin daga albashinsu. Ya kuma ƙayyade iyali a kan mata ɗaya da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18, abin da bai dace da gidajen Katsina da yawa ba. Bayan shekara 10 da farawa, waɗanda suka shiga ba su kai 5 cikin 100 na 'yan ƙasa ba. Manomi da maƙeri da mai tireda da ɗan acaɓa duk suna waje.

A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, amma kasafin Gwamnatin Tarayya ya daɗe yana ƙasa da rabin wannan. Manya kuwa su kan fita waje neman magani. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan birnin Katsina, wanda ya yi gwamnan jiha daga 1999 zuwa 2007, an kai shi jinya Jidda a Nuwamba 2009, ya rasu ran 5 ga Mayu 2010, Allah ya ji ƙansa.

Gwamnatocin jiha sun gwada ba da magani kyauta ga mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Maƙwabta a Nijar, har da Maraɗi, sun yi irin wannan daga 2006, yara da yawa suka amfana, amma da gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗin abin da suka bayar, sai bashi ya taru, magani ya yanke. Kyautar da ba a tanadi mai biyanta ba, ba ta daɗewa.

A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin jinyar farko ta talakawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, naira biliyan 55. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami ƙaramin asibiti mai aiki, Jihar Katsina kuwa tana da mazaɓu 361 a ƙananan hukumomi 34. A 2018 ɗin kuma, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, jihar ta yi dokar kafa hukumar taimakekeniyar lafiya. Kalmar taimakekeniya ta fi kwanta wa jama'a a rai, domin akwai masu ƙyamar inshora saboda addini. A watan Mayu 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga irin wannan asusu, ta kuma ce gwamnati ta biya wa marasa ƙarfi.

Guguwar 2023

Ana cikin wannan sai aka sake shiga wani tsanani. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka sakar wa naira mara. Dalar da ke wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Kamfanin magani na GSK ya ba da sanarwar rufe harkarsa a Nijeriya a Agusta 2023. Magungunan asma da na suga da na kashe ƙwayoyin cuta suka ninka kuɗi, kuɗin motar zuwa asibiti ma ya ninka. A Yuni 2024 gwamnati ta ɗauke kuɗin fito daga kayan haɗa magani, a Nuwamba kuma ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya yi shelar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali.

Tsadar abinci ta haɗu da tsadar magani a kan ƙananan yara. A Yuli 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara jinyar yara masu tamowa a Katsina a 2021, ta ba da labarin cewa yara 652 sun rasu a wuraren jinyarta a jihar cikin wata 6 na farkon shekarar. A shekarar ce kuma Amurka da waɗansu ƙasashe suka rage taimakon da su ke bayarwa. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya daɗe yana nuna cewa, cikin kowace naira 100 da a ke kashewa a kan lafiya a Nijeriya, fiye da naira 70 daga aljihun mai ciwo da danginsa su ke fitowa. Ƙasashen da suka kai haka a duniya kaɗan ne.

Abin da tarihin ya nuna

In aka dubi shekarun nan 120, za a ga hanya ɗaya ce ta taɓa sauƙaƙa wa talaka, ita ce ta asusun jama'a. Da harajin Baitulmali aka gina asibitin farko, da kuɗin gamayya aka kori agana da kurkunu. Za a kuma ga abin da ya karya kowane asusu: ko dai ya dogara ga kuɗin da ke zuwa daga nesa, ko an ci amanarsa, ko an bar mafi yawan jama'a a waje.

Saboda haka nauyi biyu ne. Na hukuma shi ne ta zuba rabonta a kan kari, ta biya asibitoci ba jinkiri, ta kuma bayyana lissafi a fili yadda Sarki Dikko ya yarda a rubuta shiga da fita. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya karɓi kuɗin mutum yana da lafiya, wajibi ne ya ba shi magani ran da ya zo da ciwo. Na jama'a kuwa shi ne su yi rajista, su kai yara rigakafi, su bar mata su je awo, su kai mai ciwo asibiti tun da wuri.

Wanda ya iya karatu yana da rabo babba a cikin wannan aiki. Shi zai karanta takardar likita, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar magani a jikin kwali, ya nemi rasit a kan kowane kwabo da ya biya. Shi zai je taron kwamitin asibitin mazaɓarsu ya tambayi nawa aka aiko, me aka saya da su, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa wanda bai sami shiga aji ba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu riƙon dukiyar jama'a ikon riƙon amana, amin.